Tulun Man Zurma

Har yau a Gure ana cewa rawar kai ce ta sa na fasa tulun man jirgi. Ba haka ba ne. Da gangan na fasa shi.

A shekarar da aka fara raɗe-raɗin yaƙin Turai, wani jirgin sama na sojan Faransa ya sauka a filin bayan gari yana ta tari. Lokacin na dawo hutu daga lakwal, makarantar boko, a Damagaram. Babana shi ne tafintan kumandan, don haka na bi shi filin, ba wanda ya kore ni.

Makaniken, wani gajeren Bature mai baƙaƙen farata, ya ce bututu ne ya tsage, man inji ya tsiyaye. Bututun zai ɗinku, isansi ma, wato fetur, suna da shi a garewani, amma man zurma suke so, tsantsa. Na tambaye shi da Faransanci me ya sa sai zurma, abin da mu ko akuya ba ma bari ta ci. Ya nuna mini kawunan injin guda tara, sun yi da'ira bayan farfela. Ya ce cikinsu ya fi maƙera zafi, kuma man zurma ne ke manne wa ƙarfe bai tsinke ba. Wani mai kuwa ƙonewa zai yi, ƙarfe ya ciji ƙarfe, inji ya tsaya a sama. Na nuna bindigar da aka lulluɓe a kujerar baya, ya ce wannan ba ta 'yan mata ba ce.

Kumandan ya sa mata su kawo man. Kwana biyu Inna da maƙwabta suna soya ƙwayar zurma, suna daka, suna tafasawa suna kwalfe man da ludayi. Baba ya rantse wa kumandan ba za a gauraya komai ba. Kumandan ya ce madalla, ai ma tare da Baba za a tashi, ya nuna wa matuƙi hanyar Damagaram.

Ran tafiya da hantsi na shiga madafa, na tarar Inna tana tuttula narkakken man shanu cikin tulun. Ƙwarya guda, wanda wata 'yar'uwarta ta aiko daga Kelle.

Na ce, "Inna, me kika yi?"

Ta ce, "Ke, baƙo ya zo daga sama a tare shi da mai ɗaci? A ce a gidan tafinta aka yi wannan rowa?"

Na yi mata bayanin kawuna tara da zafi da ƙarfe. Ta ce man shanu bai taɓa ɓata tuwo ba, balle ƙarfe, kuma lakwal ta koya mini bakin tsiya. Na ce Baba ne zai hau. Hannunta ya ɗan tsaya, sannan ta rufe tulun da faifai.

"Allah ne ke riƙe da shi, ba zurma ba. Kada ki soma faɗa wa babanki."

Na auna. In na faɗa wa makanike, rantsuwar Baba ta zama ƙarya, kuma na san inda gardawa, dogaran bariki, ke kai wanda ya yi wa kumandan ƙarya. In na yi shiru, zai tashi da man shanu a kan yashin da ba rijiya. In kuwa tulu ya fashe a hanya, yarinya ce ta yi sakaci. Bulala ce, sai a sake dakan kwana biyu, ni kuma ina tsaye a kan tukunya.

Wani gardi ya yi sallama a zaure, ya ce ana jira. Inna tana neman wanda zai ɗauka.

Na ce, "Kawo gammo, ni zan kai."

Akwai wani dutse kusa da rijiya, inda mutane suka fi yawa. Nan na yanke zan yi tuntuɓe.