Sai Ya Taɓa Littafin

Jiya wani ɗalibina ya kawo mini bincikensa a kan masu yankan riɗi a Fashaga. Jerin manazarta ya tsaru tsaf, kowane waƙafi na wurinsa. Na bi littattafan ɗaya bayan ɗaya, rabinsu ba a taɓa rubuta su ba.

"Waya ce ta haɗa mini, ya ustaza," in ji shi, ko kunya babu.

Nan take tsohon da ke buga mana takardu muna ɗalibai a bayan kasuwar Gadarif ya faɗo mini a rai. Shagonsa ba ya rabuwa da warin tawada da ƙanshin jabana, gahawar nan mai citta. Ba ya buga sunan littafi sai ya riƙe shi a hannu, ya lashi yatsa, ya buɗe shafin da ka ambata.

Wata damina na kai masa nawa binciken, da wata magana da na kwaso daga takardar ƙawata.

"Ina littafin, 'yata?"

"Yana laburare, Baba."

"Magana tana da uba. Ba na buga shegiya."

Na koma laburare cikin taɓon nan baƙi mai cire takalmi, ina ƙunƙuni. Ashe ma ba marubucin da na ambata ne ya faɗa ba.

Yau an ce in sa wa yaron hannu, wai tsari ya cika. Ban sa ba.

Allah ya haskaka kabarinka, Baba. Ya kyauta maka da bai nuna maka shegun littattafai sanye da rigar malamai ba.