Ranar da Suka Zo Ɗaukar Akwati

An yi ruwa da asuba, ba mai yawa ba. Da gari ya waye ƙasa ta yi laushi, kaji suna tono a bakin rariya. Na hura wuta da kara mai danshi, hayaƙi ya cika tsakar gida. Ina da gyaɗar da na soya, ina so in kai ta inji kafin mata su yi layi. Sana'ata ke nan, mai da ƙuli. Ranar kasuwar Gangara in ɗora a kai in tafi.

Sunana Barira. Garinmu ƙarami ne, kudu da Gangara, ba nisa da iyaka. A gida akwai maigidana Lawali, da ɗiyarmu Tsahara mai shekara tara, da Sani da nake goyo, sai surukina, wanda duk gari ke kira Baba.

Ranar ita ce ta biyu ta zaɓen shugaban ƙasa, don takardun ƙuri'a ba su wadata ba a ranar farko. 'Yan shekaru kafin nan mun zaɓi farar hula. Soja ya ture shi, ya ce gyara zai yi ya koma bariki. Bai koma ba. Ya tuɓe kaki, ya sa babbar riga, ya tsaya takara. Jam'iyyar da yawancin garinmu ke bi ta sa maigidana wakili a lakol, wato makarantar boko, inda aka ajiye akwatin zaɓe. Aikinsa ya zauna ya sa ido, in an gama a ƙirga a gabansa. Ya sha kunu a tsaye, ya fita.

Baba ya jefa ƙuri'arsa tun ranar farko. Ya ƙi wanke tawadar da aka sa masa a yatsa. Yana saurayi, zamanin Nasara, an taɓa tambayar mutane ko su zauna ƙarƙashin Faransa ko a ba su ƙasarsu. Baba yana cikin masu cewa a ba su. 'Yan sandan kwamanda suka ɗaure shi a rana, suka yi masa bulala. Daga baya ya tsere ƙasar Katsina, ya yi shekaru yana dako kafin ya dawo. In zafi ya yi ya tuɓe riga, ana ganin tabon a gadon bayansa. Da safen nan yana zaure, rediyo a cinyarsa.

Bayan azahar rediyon ta katse waƙa. Wani mutum ya karanta sanarwa da Faransanci, sannan aka maimaita da Hausa. An rushe hukumar zaɓe, an naɗa wata. Za a kwashe akwatuna a kai su buro, ofishin gwamnati, a ƙirga a can. Baba ya kashe rediyon, ya ajiye ta a ƙasa.

Kafin la'asar muka ji ƙugin mota daga arewa. Kamyo ce, babbar mota mai tanti. Na goya Sani, na bi mata zuwa lakol. Masu kaki huɗu suka diro, da samari riƙe da gora. Na gane ɗaya daga cikin samarin, Sanusi, ɗan garinmu ne da ya koma birni. Uwarsa a hannuna take sayen mai.

Mutane suka tsaya a ƙofar aji. Maigidana ya dafa akwatin da hannu biyu.

"A ƙirga a nan!" in ji shi. "Gaban kowa!"

Duk fili ya ɗauka. "A ƙirga a nan!"

Babban masu kakin ya ɗaga bindiga sama ya harba. Ban taɓa jin ƙarar bindiga kusa haka ba. Tsuntsaye suka watse daga kan bishiyar bedi ta lakol. Sani ya tsandara kuka. Aka harba ta biyu. Mutane suka dare. Samari biyu suka banƙare maigidana, suka fizge akwatin, suka jefa shi bayan mota kamar buhun gawayi. Murfin ya buɗe, takardu suka zube cikin taɓo. Ba wanda ya sunkuya ya tsince su.

Da motar ta juya, wasu suka bi ta da jifa. Gilashin gaba ya tsage. Ban ga wanda ya jefa ba, kuma ko na gani ba zan faɗa ba. Direba bai tsaya ba. Maigari ya zo yana ba mutane haƙuri, ya ce zai je ya kai kuka wurin manya. Wani dattijo ya tambaye shi wane manya, tunda su ne suka aiko.

Washegari maza suka tafi gona. Lokacin noman farko ne, hatsi ya kai gwiwa, ciyawa na neman danne shi. Maigidana ya ɗauki hauya ya fita, ya ce abin da za a yi an riga an yi. A gari sai mata da yara da tsofaffi.

Da hantsi, ina matse tunkuza, na ji ƙugin ya dawo. Wannan karon motoci biyu. Ba su tsaya a lakol ba. Suka shigo tsakiyar gari har bakin rijiya. Na ji guga ya faɗa ruwa, mai ja ta saki igiya.

"Ku hito! Ina masu jifa? Ku hito!"

Sai ƙarar gora a kan ƙyauren langa-langa, gida bayan gida. Ta zanar gidanmu na leƙa. Sanusi ne a gaba, yana nuni da hannu. Gidan da ya nuna a shiga, wanda ya tsallake a bari.

Sannan warin fetur. Jinkar rumbuna ta jiƙe da ruwan sama, ba ta kamawa sai an zuba mata. Rumbunan garinmu a jere suke a gabas. Na farko ya kama da ƙara kamar an yayyaga sabon yadi. Hatsin da ya rage mana na cin damina yana ciki. Hayaƙin fari ne, mai kauri, yana ƙamshin tumu.

Suka iso ƙofarmu. Baba yana zaure, inda yake kullum.

"Ina Lawali?"

"Yana gona."

"Tashi!"

"Gidana ne," in ji Baba.

Na ji dukan kafin in gani. Ƙara ce marar amo, kamar an buga turmi da taɓarya. Da na shigo, Baba yana kwance a gefensa, hannu a kan haƙarƙari. Wani ya sake ɗaga gindin bindiga. Na kurma ihu. Ya juyo ya dube ni, ya dubi goyona, ya sauke. Suka shiga ciki, suka kifar da kaskon mai, suka farke katifa da wuƙa. Ban san abin da suke nema ba. Ina jin su ma ba su sani ba. Sanusi bai shigo ba. Ya tsaya a waje yana kallon ƙasa.

Da suka wuce gida na gaba, maƙwabciyata Habsu ta faɗo ta katanga. Tana da ciki wata shida. Ta ce an tura mota ɗaya gonaki, ana kama maza. Ta ce sun ce in sun gama da rumbuna za su koma kan ɗakuna.

Muka ɗaura wa jakinmu amalanke. Ban taɓa ɗaurawa ba, maigida ne ke yi. Igiyar ta kuɓuce mini sau biyu. Ni da Habsu muka ɗaga Baba, ya yi nishi, bai yi kuka ba. Tsahara ta ɗauko jarkar ruwa da tabarma. Ban ɗauki ko zane ba. Muka fita ta bayan gari, ta hanyar shanu, muka nufi kudu. Baba yana da ɗiyar ƙane da ke aure a Dankama, hayin iyaka.

Ba mu kaɗai ba ne. Mata da yara sun cika burtali, wasu da tukunya a ka, wasu da akuya a igiya. Daga baya muna jin harbi ɗaya-ɗaya, da kukan jakuna. Hatsi bai yi tsawon da zai ɓoye mutum ba. Duk wanda ya hau mota zai hango mu. Na riƙa waiwaye har wuyana ya yi tsami. Gonarmu tana yamma da burtalin. Na hango ta, ba kowa a ciki.

Rana ta take tsaka muka iso fadama. Ruwan da aka yi ya kwanta a ciki. Ƙafar amalanke ta nutse har gindi. Muka tura, jakin ya ja, ya durƙusa. Habsu ta sa kafaɗa, na ce ta bari, ta ƙi. Muka sake turawa. Ta tsaya, ta dafe mara, ta ce ba komai. Amalanken bai motsa ba. Muka kwance jakin, muka ɗora Baba a bayansa. Ni ina riƙe da shi ta dama, Habsu ta hagu, Tsahara na jan igiya. Amalanken muka bar shi a nan.

Da muka haura tudu, Baba ya ɗaga kai. Ya dubi wata tsohuwar kuka da ke bakin hanya.

"Ɗiyata," ya ce, "wagga hanya na san ta. Ita na bi."

Na ce ya yi shiru ya huta.

"Wancan karon na ce Nasara baƙo ne, wata rana zai tahi. Ya tahi. Waɗanga fa? Ina za su?"

Ya tofar da yawu, da jini a ciki.

Da la'asar muka faɗa wata ruga. Wata Bafulatana ta ba mu nono a ƙwarya, ba ta tambaye mu komai ba. Baba ya kurɓa sau ɗaya, ya kauda kai. Mijinta ya raka mu ta cikin gonaki don mu kauce wa shingen jandarma. Ba alamar da ke nuna an ƙetare iyaka. Gero iri ɗaya ne, Hausa iri ɗaya. Shi ne ya tsaya ya ce mana mun shigo Najeriya, ya juya.

Ana kiran magariba muka shiga Dankama. Ɗiyar ƙanen Baba ta gan mu ta ɗora hannu a ka. Aka kira wani mai kemis, ya taɓa gefen Baba, ya ce haƙarƙari ya karye ya soki ciki. Ya ce sai Katsina. Aka nemi mota, aka ce sai da safe. Baba bai kai safe ba.

Da hantsi aka yi masa sutura. Baƙi ne suka yi masa salla, baƙi suka ɗauki makara. Ɗansa ba ya nan, ban ma san ko yana da rai ba. Na bi su daga nesa, na tsaya bayan wata katanga, na ga wajen da suka haƙa. A ranar Habsu ta fara zubar da jini. Cikin bai tsaya ba. Namiji ne.

Muna zaman makoki rediyon maigidan da ya sauke mu ta faɗi sakamako. Sojan ya lashe tun zagayen farko. Maigidan ya girgiza kai, ya ce su ma nasu zaɓen an soke shi, wanda ya ci yana kurkuku, soja ne a sama. Na zauna ina tunanin inda muka gudo da inda muka faɗo.

Sai da hatsi ya fara bununi muka koma gida. Ɗakuna suna nan, ba a ƙone su ba. Rumbuna sun zama da'irar toka, ciyawa ta tsiro a kai. Gonar ba a yi mata noma ba, ciyawar ƙuduji ta cinye ta. Maigidana ya riga mu isowa. An tsare shi a birni, ba a kai shi gaban alƙali ba, ba a gaya masa laifinsa ba. Wata safiya aka buɗe ƙofa aka ce ya tafi. Kunnensa na hagu ya daina ji. Sai da na koma ta damansa na gaya masa mutuwar ubansa.

Bayan kaka wasu manya suka zo da motoci, suka zauna a inuwar lakol. Suka ce abin da ya faru ya wuce, a yafe wa juna don ƙasa ta zauna lafiya. Suka sauke buhunan shinkafa. Wata tsohuwa ta tambaya wa za a yafe wa, tunda ba a faɗi sunan kowa ba. Aka ce lokaci ya ƙure. Sanusi yana cikinsu, da sabuwar shadda, shi ke rabon shinkafar. Maigidana ya hana a karɓo. Da yunwa ta matsa, na aiki Tsahara gidan Habsu ta ɗebo mini daga tata.

Ba a tambayi kowa ba. Ba wanda ya zo ya ji ta bakinmu, cikin waɗanda suka yi ɓarnar ba wanda aka tsare ko na yini ɗaya. Jam'iyyarmu ta aiko da gaisuwa a baki. Daga baya manyanta suka shirya da waɗanda suka aiko motocin, muka ji a rediyo.

Rumbu uku muka rasa, da amalanke, da noman shekara, da kunne ɗaya. Habsu ta rasa ɗa, ba ta sake haihuwa ba.

Da rani ya shigo, maigidana ya ce in kai shi ya ga kabarin. Muka je Dankama a ƙafa. Damina ta baje ƙasar, an kuma ƙara binne wasu a wajen. Na tsaya bayan katangar da na tsaya a da, na duba, na sake dubawa. Tudu huɗu ne a jere, duk kama ɗaya. Ya tambaye ni wanne ne. Na ce ko na biyu, ko na uku.

Ya tsuguna a tsakaninsu ya yi addu'a. Muka kamo hanyar gida tun rana ba ta yi zafi ba.