Audi Mai Famfo da Tutar da Ruwa Ke Ɗagawa

Kafin rana ta fito Baba Audi ya riga ya yi salla, ya rataya tsummansa mai baƙin mai a kafaɗa. Ba ɗakin inji yake fara nufa ba. Sai ya bi ta gindin aduwar da ke yamma da wurin shan dabbobi, ya tsaya kan wani kabari da aka jera wa duwatsu, ya yi gajeriyar addu'a. Daga nan ya hau tsanin ƙarfe har saman shato, wato babban tankin ruwan nan da ke tsaye bisa ƙafafu huɗu, ya buɗe murfi ya leƙa da idonsa. Ya kama wata doguwar sanda da ta fito ta tsakiyar murfin, mai farin ƙyalle a kai, ya girgiza ta don ya tabbata ba ta maƙale ba. Sai ya sauko, sannan ya tada inji. Shekara shida yana haka a famfon Aduwa Uku, tafiyar yini guda a raƙumi arewa da Belbeji, ko ranar salla bai fasa ba. A watan jiya ya ajiye aiki, aka ɗauke shi kwance a bayan mota zuwa garinsu Falanko, kuma ba wanda ya taso daga ofis ya ce masa sannu. Abin ya ci mini rai, shi ya sa na ɗauki alƙalami.

Ni mai allurar dabbobi ne, kowace shekara ina sauka Aduwa Uku sau biyu ko uku. Ni ma ɗan ofis ne, don haka in kun ji ina zagin 'yan ofis, da ni a ciki.

A 1962 aka gina famfon. Aka haƙa rami mai zurfin da guga ba ta isa, aka kafa inji mai shan man gazuwal, aka ɗauko Audi, wanda ya yi shekara ashirin yana gyaran manyan motoci a Damagaram, aka ba shi makulli da takarda. Takardar ta ce a tada inji ƙarfe shida na safe, a kashe ƙarfe goma. Masu ginin sun sa wani ma'auni mai allura da ke nuna yawan ruwan da ke cikin shato. To ina suka sa shi? Cikin ɗakin inji, bayan ƙofa mai kwaɗo, da rubutun Faransanci a jiki. Mutum dubu ke shan ruwan nan, mutum ɗaya ke iya sanin ko akwai shi. Wanda ya tsara wannan bai taɓa kora akuya da ƙishirwa ba, na rantse.

Makiyaya kuwa suna da nasu ma'aunin tun kaka da kakanni. A nan ƙasarmu ta Damargu in mutum biyu suka gamu a daji, bayan gaisuwa labarin ruwa ake fara tambaya. Kuma kowa ya san ba mai jan igiya a busasshiyar rijiya. In ka ji ƙarar igiya bisa itacen bakin rijiya, ka ji ana kora jakin da ke jan guga, ba sai ka leƙa ba, akwai ruwa. Da famfo ya zo sai suka ɗora masa wannan sanin. In inji yana kuka, akwai ruwa. Ba wauta ba ce, duk abin da suka sani a duniya haka yake aiki.

A bazarar 1963 wani ƙarfe ya tsinke can ƙasan rami. Inji yana juyawa lafiya lau, amma ko ɗigo ba ya hawa. Audi ya aika Tanout a kawo gyara. Waɗanda ke kusa suka ga shato ya ƙafe, suka kora dabbobinsu suka watse. Shi kuwa ya ci gaba da tada inji ƙarfe shida kamar yadda takarda ta ce, yana fatan ko Allah zai sa ya kama. Kwana uku yana yi. A rana ta biyu wani mai raƙumi ya wuce can nesa, ya jiyo kukan inji, bai ratso ba. Da ya gamu da Aghali, wani Ba'abzine mai tafe da iyalinsa da garkensa, ya gaya masa gaskiyar abin da kunnensa ya ji. Aghali yana kan mararraba a lokacin: hagu tsohuwar rijiya, dama famfo. Salkunansa sun kusa ƙarewa, ga mahaifiyarsa tsohuwa da kowa ke kira Inna tana bisa raƙumi ba lafiya. Ya bi dama.

Dado, wata Bafulatana mai saida nono da ba ta riga ta tashi ba, ita ta ba ni labarin isowarsu. Ta ce rana na tsaka suka ɓullo, awaki suka ruga suka zuba kai cikin busasshen wurin sha suna lasar siminti mai zafi. Audi ya fito da randarsa ya juye wa iyalin Aghali. Ya kwance duron ruwan da ke sanyaya inji, mai tsatsa da ɗumi, ya tace da rigarsa ya ba mutane. Bai wadatar ba, kuma ya zo a makare. Inna ta kurɓa sau biyu ta kasa haɗiyewa. Kafin la'asar ta cika a gindin aduwa. Audi ya shiga ɗaki ya ɗauko farin yadin da ya ajiye don likkafanin kansa, Dado da matar Aghali suka yi mata sutura. Awakin da suka mutu a hanyar komawa rijiya ba wanda ya tsaya ƙirga su.

Aghali bai ɗaga murya ba, bai zagi kowa ba. Da aka gama rufe ta ya dubi ɗakin inji ya dubi Audi, ya ce da Hausarsa ta kasuwa:

"Mai famfo, in ba shi da ruwa, don me yake kuka?"

Audi ya gaya mini daga baya cewa da Aghali ya zare takobi ya sare shi da ya fi masa sauƙi. Na ce masa ai takarda ya bi, ba laifinsa ba ne. Ya harare ni, ya ce takarda ba ta da hannu, hannunsa ne ya juya inji.

Kai ne, Baba Audi, da ba ka ɓuya bayan takarda ba, alhali mu da muka yi lakkol, wato makarantar boko, a bayanta muke kwana. Kai ne ka zauna ka yi tunanin da masu zanen famfon ya kamata su yi tun farko: wannan ƙarfen da mutane yake magana ko ya so ko bai so ba, to da wane harshe zai yi, kuma wa zai hana shi ƙarya?

Abin da ya ƙera ba wani abin mamaki ba ne, in ka gan shi sai ka yi dariya. Galan ne na gazuwal da ya wanke tas ya liƙe bakinsa, ya jefa cikin shato yana yawo bisa ruwa. Ya kafa masa doguwar sanda mara nauyi, ya huda murfi ya fito da ita ta cikin zoben ƙarfe. A kanta ya ɗaura ragowar farin yadin nan na likkafani. In ruwa ya cika, galan ya taso, tuta ta miƙe sama, ana hango ta tun daga tudun mararraba. In ruwa ya janye, ta nutse har ta ɓace. Na tambaye shi me ya hana ya riƙa ɗaga tutar da hannunsa, ba sai ya huda murfin gwamnati ba. Ya ce shi mutum ne, yana iya yin barci, yana iya jin kunya, yana iya sa rai kamar yadda ya sa a kwana ukun nan. Ruwan da kansa ya ɗaga ta, shi ba ya sa rai.

Bai tsaya nan ba. Ya bi kasuwar Belbeji da ta Tanout, ranar kasuwa bayan ranar kasuwa, yana tare makiyaya da Hausa da guntun Fulatanci da Tamajak ɗin da ke sa su dariya, yana cewa su daina tambayar ko inji yana kuka, su tambayi ko an ga tuta. Cikin shekara biyu maganar ta shiga gaisuwa. Na ji da kunnena wasu mata biyu a can wajen Falanko, waɗanda ba su taɓa ganin Audi ba, ɗaya tana tambayar ɗaya ko fara tana sama.

Wani matashin mai duba famfuna ya zo daga birni a 1965, da farin takalmi. Ya ga sanda ya ce wannan wane irin shirme ne, ba ya cikin zane, a cire shi yau. Audi ya ce to mushe, wato yallaɓai, amma a zo a gaida wata tukuna. Ya kai shi gindin aduwa ya nuna masa duwatsu, ya ba shi labari a tsaye cikin rana. Saurayin bai sake maganar cirewa ba, amma da ya koma ya rubuta cewa Audi mai taurin kai ne kuma ya ɓata kayan aiki. Tun daga nan ba a ƙara masa girma ba. Kukan inji kuma ya ci kunnuwansa a hankali, har ya zama sai an yi masa ihu.

Daminar bara kowa ya san yadda ta yi. Ciyawa ba ta kai idon sawu ba, tabkuna suka ƙafe tun kaka. A bazarar bana, ina nan Aduwa Uku da kayan allurata, inji ya tsaya cik. Tuta ta nutse cikin kwana biyu. Yanzu kuwa wurin ba kamar da ba ne, 'yar kasuwa ta kafu a gefen famfo, masu hatsi da masu shayi da sukari, duk da zuwan makiyaya suke rayuwa. Da tuta ta ɓace, hanya ta ɗauke. Mato, babban mai hatsin wurin, ya zo da mutane huɗu ya durƙusa gaban Audi. Ba mugu ba ne, yana da baki goma sha ɗaya a gida. Ya ce an aiko cewa motar gyara tana hanya, gobe ko jibi, a ɗaure sandar sama na kwana biyu kawai kada a saba da wata hanya, kafin kowa ya iso ruwa ya dawo. Sai da ya maimaita da ƙarfi kafin Audi ya ji.

"Malam Mato," in ji shi, "gobe ko jibin nan na taɓa jiran su. Ga abin da suka kawo mini can gindin aduwa."

Aka daina gaishe shi. Aka daina sayar masa da gero. Mu kanmu da ruwan da jakuna ke ɗaukowa daga rijiya muke rayuwa, kofi-kofi. Motar da aka ce jibi sai da ta yi kwana ashirin da uku.

A safiya ta tara na fito na ga Audi tsaye ya ɗaga kai. Tuta tana can sama tana kaɗawa bisa busasshen shato. Wani ya hau ya ɗaure ta da igiya, har yau ba a ce ga shi ba. Na ce Baba tsaya in hau. Bai ji ni ba, ko ya ji ya ƙi. Tsoho mai shekara sittin da wani abu, kwana tara ba cikakken abinci, ya sa wuƙa a baki ya kama tsani. Ya kai sama ya yanke igiya, muna kallo sandar ta zurma ciki. A saukowa ne ƙafarsa ta zame. Ƙarar faɗuwarsa bisa siminti ba za ta fita kunnena ba har in mutu. Ƙugunsa ya karye, mai ɗori ya ce ba zai sake tsayuwa da kansa ba. Mato ne ya fara isa wurinsa, yana kuka kamar mace, ya ɗauke shi ya kai inuwa.

Makon jiya na je Falanko duba shi. Yana kwance bisa tabarma a zaure, ya rame, matarsa Sakinatu tana kore masa ƙuda. Ina zaune sai ga raƙumi ya durƙusa a ƙofa, wani dogo mai rawani ya shigo da salkar nono. Aghali ne. Shekara shida ba su haɗu ba, yana shayar da garkensa a famfon amma bai taɓa zuwa ƙofar ɗakin inji ba. Suka yi musafaha. Sannan ya sunkuya daidai kunnen Audi ya ɗaga murya, abin da ba ɗabi'arsu ba ce:

"Ranar da ka faɗi, da hantsi, na hau tudun mararraba da iyalina duka. Na duba ban ga fara ba. Na bi hagu."

Audi ya rufe ido. Hawaye na bin kunnensa. Da ya buɗe, abin da ya tambaya shi ne ko sabon mai famfo yana girgiza sandar da safe, don takan maƙale in tsatsa ta kama zoben.

Mun gode, Baba Audi. Kai ne mai famfon da ya yarda a ƙi shi da a ruɗi mai ƙishirwa. Allah ya ba ka sauƙi, ya shayar da kai ranar da ba inuwa sai tasa.

Ku kuma masu zane a ofis, ina da magana da ku. Ana cewa za a kawo injuna masu tada kansu ba mai tsaro, kuma na ji a rediyo wai a ƙasashen Nasara har an fara ƙera waɗanda ke lissafi suna ba mutum amsa. To madalla. Amma kafin ku kafa kowane a ƙasar nan, ku tambayi kanku yadda zai gaya wa Dado, wadda ba ta san baƙi ko ɗaya ba, cewa yau ba shi da komai, kuma ku tabbata ba mai iya ɗaure masa baki. In ba ku gane abin da nake nufi ba, ku hau mota ku zo Aduwa Uku. Famfon ya mutu sau bakwai tun 1963, har da bazarar bana da ta kashe shanu ba adadi. Ku je gindin aduwar yamma ku ƙirga kaburbura. Har yau guda ɗaya ne.