Akwatin Jirgin Baba Lare

Ko zan manta komai na aikin nan, ban da ranar da na kai wa Baba Lare akwatin jirginsa garin Dapaong. Ku apranti masu koyon aiki na yanzu ku buɗe kunne, don ina ganin yadda kuke ɗaga hanci in mai kaya ya ce bai gane ba.

Sai da na haura arba'in na shiga ajin koyon karatu na manya, daga nan na kama koyon gyaran lantarki a shagonmu na Sokode. Tsarin gidan shi ne Patoron Isifu mai shagon a sama, sai gwanaye masu teburi, sai apranti. Apranti ba ya samun teburi sai an gwada shi da aiki ɗaya. In mai kaya ya dawo da aikin, ka ƙara shekara guda kana miƙa wa wasu sukudireba. Nawa gwajin ya zo a daminata ta uku.

Baba Lare tsohon ma'aikacin duba yanayi ne a filin jirgi. Ya tsufa yana kallon jirage, bai taɓa tuƙa ko ɗaya ba. 'Yarsa ta sa masa wasan tuƙin jirgi a kwamfuta, ta haɗa masa da babbar talabijin. Shi ne ya bugo waya yana son akwati mai makunnai irin na gaban matuƙi, wai maɓallan kwamfuta sun yi masa ƙanana. Gwanaye suka yi ta dariya. Patoron ya ce, "Rakiya, ke ce mai taurin kai. Naki ne."

Ban fara da katako ba. Na zana komai a kan kwali tukuna. Na farke tsohon abin wasan kwamfuta na hannu, na ciro ƙaramin allonsa, don shi kwamfuta ta sani. Kowane makunni sai na liƙe wayarsa da dalma na gwada shi kafin in huda masa rami. Shida kawai na sa: taya, birki, fitila, totur, kunna inji, da mai sauke gefen fiffike don rage gudu. Duk iri ɗaya na saya, baƙaƙe, na jera su reras. Ƙarƙashin kowanne na rubuta sunansa da Faransanci, da hannuna. Wallahi rubutun nan ya fi wayoyin faranta min rai.

Na hau mota da akwatin a cinyata, ban yarda an ɗaure shi a sama ba. A garin Mango fasinja suka sauka sayen kifi, ni ko motsi ban yi ba.

Baba Lare ya tarbe ni da murna, ya tashi jirginsa lafiya lau. Wajen sauka, maimakon taya ya danna fitila, jirgi ya sha ƙasa da ciki. Ya sake, ya kashe inji a sama. Na uku ma haka.

Na ce, "Haba Baba, ga rubutu nan gabanka!"

Ya ce, "Madam, na bar tabarau a ɗaki." Ya tura akwatin wajena. "Aikinki yana da kyau. Amma mayar da shi, ba nawa ba ne."

Tabarau ɗin yana aljihun rigarsa, ina ganin ƙafarsa. Shekaru ina sayar da koko, in aka miƙo min takarda sai in ce a karanta min, na bar tabarau a gida, ni da ban taɓa mallakar tabarau ba. Na san wannan maganar daga ciki. Shi ya iya karatu, idon ne ya daina kama ƙananan baƙaƙe, ko da gilashin. Titin jirgi a talabijin yana gani, rubutuna kuwa hayaƙi ne.

Ban tona shi ba. Na fita na kira Patoron.

"Ya ƙi ne?"

"Bai ƙi ba, Patoron. Ni ce ban gama ba."

Na shiga kasuwa. Na samo tayar motar wasa, gutsuren cokali, murfin kwalba mai haƙora, kwarkwaron keken ɗinki, dunƙulen roba, da tsohon mabuɗi. Na ɗaura wa kowane makunni nasa kan: taya a kan taya, cokali a kan fiffike, mabuɗi a kan inji. Na ce, "Baba, kalli titinka, bar hannu ya nema."

Ya shafa su ɗaya bayan ɗaya, sai ya fashe da dariya. "Kai Madam, kin taɓa shiga gaban jirgi ne? Na gaske ma haka suke, na taya kamar taya yake!"

Na ce, "Ni ko ƙofar filin ban sani ba. Tashi mu gani."

Ya tashi, ya zagayo, yatsansa ya sami tayar bai sunkuya ba. Jirgi ya dira, ya yi tsalle sau biyu kamar akuya, ya tsaya. Baba ya jawo akwatin ya rungume.

Na koma Sokode hannu wofi. Patoron ya duba hannuna, ya nuna min teburin da ke bakin taga.

Abin da na koya ke nan: mai kaya ba ya faɗa maka ainihin abin da ya lalace in abin a jikinsa yake. Sai ka duba da kanka, ka gyara, ka kama bakinka. Rubutun nan shida yana nan a akwatin har yau. Ni na yi wa kaina shi. Cokalin ne na Baba.