Shaidun Muntaka Dogo

Daga Gumel zuwa Maigatari babu direba mai tsabtar tarihi kamar Muntaka Dogo: shekara ashirin da biyu a kan sitiyari, bai taɓa yin hatsari ba. Shi ya faɗa. A wurinsa hatsari shi ne mota ta yi karo da mota. Raƙumi da jaki da katanga ba sa ciki, domin su ne ke shigowa hanya.

Haifaffen Gagarawa ne. Ya fara da acaɓa a garin Sule Tankarkar, daga baya ya karɓi motar haya ta Hajiya Safara'u, mai sayar da atamfa a Gumel. Yana taka birki, amma sai ya ga dalili.

Bana Hajiya ta sayi sabuwar bas, 'ya'yanta suka dage sai an yi mata cikakkiyar inshora. Wakilin kamfanin, wani Abdulfatah daga Kano, ya ce kuɗin ya danganta da hanya, da yawan dabbobi ranar kasuwa, amma babban abin dubawa shi ne direba.

"Dogo," in ji Hajiya, "in kuɗin ya yi sauƙi da sunanka, mabuɗi naka ne. In ya hau, ka san sauran."

Dogo bai damu ba. Ya san yadda ake gane mutumin kirki: a tambayi waɗanda suka yi hulɗa da shi. Ranar da wakilin ya zo, ya tarar da tabarma cike da dattawa a ƙofar gidan Hajiya.

Malam Ɗayyabu mai raƙuma ne ya fara. "Ranka ya daɗe, mutum ne mai kunya. Ranar da ya buge mini raƙumi, tun ba a zaro shi daga motar ba yake ba ni haƙuri."

Iya Kande ta karɓe. "Akuyoyina uku ya buge, ɗan nan, ko sau ɗaya ba mu je wurin 'yan sanda ba. Ta ƙarshen ma da hannunsa ya yanka ta, don kada ta zama mushe."

Wani mai unguwa daga Gagarawa ya ce ranar da Dogo ya shiga zaurensa da mota, ginin da ya mayar ya fi na da. Har taga ya sa.

Abdulfatah na ta rubutu bai ɗago ba. Ganin haka Dogo ya matso kusa da shi.

"Rubuta duka, Malam. Akwai mutum huɗu suna hanya, babur ɗinsu ne ya yi faci."

"Waɗannan ma sun wadatar," in ji Abdulfatah.

Bayan mako biyu takarda ta iso daga Kano. Hajiya ta sa aka karanta mata sau biyu, sannan ta aika aka kira Dogo.

"Allah ya yi maka albarka, Dogo. Kowa ya yabe ka."

Ta miƙa mabuɗin ga Zayyad, wani dattijon direba mai tafiyar hawainiya, wanda duk Gumel ba a samu mutum ɗaya da ke da labarinsa ba.