Ɗigon Ruwa a Bayan Agwagwa

A daminar da tunku ya kashe mini uwar agwagwa, ina yaro a Mayo Bani, 'ya'yanta ba su daɗe da fitowa daga ƙwai ba. Na kwashe su a kwando na kai madafar kakata, wadda muke kira Dada, na ajiye su gefen murhu. Nan suka yi makonni suna cin dussa suna ɓata wuri, har warinsu ya kai zaure. Ranar da abin ya ishi Baba, ya tsaya a ƙofar madafa bayan magariba ya ce, "Gobe da safe a fitar da su. Nan ba akurki ba ne."

Ba a mayar wa Baba magana. Amma na san abin da ke jiransu a waje: ruwan sama kusan kullum, rafi ya cika har gonar bayan gida, ga shaho yana shawagi tun hantsi.

Baba ɗan farin Dada ne, saboda haka ba ta kiran sunansa, ba ta kuma sa baki a hukuncinsa ido da ido. Kunya ce irin ta mutanenmu. Da muka yi isha'i muka jingine alluna, muka kewaye wuta kamar kullum, shi kuma yana ƙarƙashin rumfa yana jan carbi. Dada ta gyara itace, ta ɗaga murya fiye da yadda ta saba.

"Ga wata tatsuniya ta taho da ƙafarta. Wa zai ba ta wuri?"

Muka ce ta zauna.

Wai wata mata ce ta sa wa kaza ƙwan agwagwa, ta ƙyanƙyashe biyu. Uwar agwagwa takan shafa wa 'ya'yanta man jikinta don kada ruwa ya kama su, kaza kuwa ba ta da irin wannan mai. Kowace safiya rafi yana kiransu: ku zo, ku nawa ne. Na farko ya amsa kira da gashinsa mai laushi kamar auduga. Ruwa ya shige shi kamar tsumma, ya yi nauyi, ya nutse.

Na saki ajiyar zuciya, na zaci Dada ta goyi bayana. Sai ta ci gaba. Kaza ta firgita, ta roƙi matar ta kife na biyun da kwando. Ya girma a ciki har ƙafafunsa suka lanƙwashe. Ran da aka ɗaga kwandon, bai iya kaiwa rafi ba, bai kuma iya gudun kare ba.

Wuta tana ci. Na ce, "To Dada, wanne ne daidai?"

"Ji angona. Bai iya ciyar da ni ba, ya tara marayu." Ta juya gyaɗar da ke kasko. "Ba a tambayar kaza, ba a tambayar rafi. Gashin ake tambaya."

Daga rumfa muka ji ƙarar carbi ta tsaya.

Da gari ya waye, bayan mun dawo daga masallaci, Dada ta ɗebo ruwa a ƙwarya. Baba yana tsaye, hannunsa a baya. Ta riƙa ɗaukar 'ya'yan agwagwar ɗaya bayan ɗaya tana ɗiga musu ruwa a baya. Wanda ruwan ya jiƙa, ta mayar kwando. Wanda ɗigon ya gangara ya faɗi, ta sauke shi ƙasa. Da ta zo kan wanda na fi so, mai baƙin tabo a ka, na yi ta addu'a a zuci ya jiƙe. Ɗigon ya tsaya kamar dutsen ado, ya gangara.

"Wannan ya isa," in ji ta, ba ta dube ni ba.

Ba a yi mako ba shaho ya sure shi a gabana, a bakin gona. Sauran suka rayu, na waje da na kwando.

Na daɗe ina riƙe da Dada a raina, Allah Ya jiƙanta. Sai da na girma na gane ba ta taɓa yi mini alkawarin tsare shi daga abin da zai sauko daga sama ba. Ta auna abin da ɗan Adam ke iya aunawa, ta bar wa Ubangiji nasa. Bara 'yata ta sami gurbin karatun jinya a Yola, uwarta ta ce a bari ta ƙara shekara. Na zauna na dubi yarinyar: tana tsayar da salla ba a tashe ta ba, ta kuma iya cewa a'a. Ni na kai ta tasha da kaina. Har yau, idan waya ta yi ƙara a lokacin da ba ta saba kira ba, sai na yi bisimilla kafin in ɗauka.