Neman Gida Tsakanin Bakura da Maradun

Mun tashi da asuba daga Sakkwato, ni da maigidana da wani direba ɗan Mafara da aka haɗa mu da shi. Masu bibiyata sun san na samu aiki da wata ƙungiya mai kula da yara masu tamowa, kuma aikin zai riƙa kai ni Bakura da Talata Mafara da Maradun. An ce in zaɓi garin da zan zauna a cikin ukun. Yaranmu uku: babbar tana aji uku na ƙaramar sakandare, mai bi mata yana firamare, autar kuwa bana ta shiga rabin aji. Maigidana tela ne, ya ce shi duk garin da ake ɗinkin Sallah garinsa ne. Abin da ya fito da mu dai gida ne da makaranta.

Sammakon bai amfane mu ba. Muna isa Dange direban ya kashe mota, ya ce ba ya wuce Tureta sai rana ta ɗaga, sojoji sun fito hanya. Muka zauna muka sha kunu da ƙosai, motoci suna ta taruwa a bayanmu. Da muka tashi, sai muka tashi a ayari. Bayan Tureta ya kashe rediyo, hirar ma ta mutu. Na ga gonaki gefen hanya da ciyawa ta cinye, na ga wani ƙauye da ba kaza ba akuya, ƙofofinsa a buɗe.

Bakura ta ba ni sha'awa. Kore ko'ina, ruwa yana gudu a magudanan noman rani, shinkafa ta yi kyau, ga rake ga albasa da arha. Dillalin da ya tarbe mu ya gaishe mu tun daga gajiya har iyali har mutanen Sakkwato, sannan ya kai mu wani gida mai ɗakuna huɗu, da rijiya, da bishiyar mangwaro a tsakar gida. Da ya faɗi kuɗin haya, maigidana ya zaci na wata shida ne, ashe na shekara ne. Har na fara raba wa yara ɗakuna a zuciyata.

Maza suna ciniki, ni kuma na shiga maƙwabta in gaisa. Na tarar da wata dattijuwa tana naɗe tabarmi tana ɗaure su da igiya. Bayan mun gaisa na ce ko tashi za su yi.

Ta ce, “A'a ɗiyata, kullum haka muka yi. In an yi la'asar mu kwashi yara mu shiga cikin gari mu kwana, da sahe mu komo. Gidan ga da kika dubawa shi na na ƙarshe. Bayanai ba kowa sai daji.”

Na fito na sake duban gidan. Gaskiyarta, daga katangar baya sai gonaki, daga gonaki sai duhun itatuwa. Na ce wa maigidana mu tafi, na ba shi labari a mota. Muka biya ta makarantar unguwar. Ba ta da laifi: malamai suna aji, allo cike da rubutu, ga Islamiyya kusa ana ta tilawa. Amma shugaban makarantar ya faɗa mana gaskiya, ya ce zuwan yara ya danganta da labarin da aka kwana da shi. Ranar da aka ji motsin 'yan bindiga ta wajen ƙauyen Damri, ko rabin ɗalibai ba sa zuwa.

Da azahar muka shiga Mafara. A nan matsalar daban ce. Duk wanda ya gudo daga ƙauye da ɗan abin hannunsa, tsakiyar garin nan yake nema, haya ta yi tashin da ban taɓa zato ba. An nuna mana ciki da falo a wani lungu kusa da tasha, kwata a bakin ƙofa, banɗaki ɗaya ga magidanta da yawa, amma kuɗinsa ya ninka na gidan mangwaron. Maigidana ya auna falon da ido, ya ce in ya kafa keken ɗinkinsa sai dai yara su riƙa shiga ta taga. Dariyar da muka yi ke nan a tafiyar duka.

Makarantun kuɗi na cikin gari suna da kirki, sai dai sun cika maƙil. Wata shugaba ta ce za ta iya karɓar namijin da autar, amma ajin babbar ko wurin tsayuwa babu. Ta ce akwai gurbi a wata makaranta da ke bakin gari, ta kalle ni, ta ƙara da cewa, “In ɗiyata ce dai, ba ni kai ta.” Muka ci hoce, wato gasasshiyar wainar dawa ta yankin, da ƙuli-ƙuli da soyayyen kifi. A Mafara muka kwana.

Washegari da hantsi muka kama hanyar Maradun. Shingen bincike kusa da kusa, wani na sojoji, wani na 'yan sa-kai da bindigoginsu na gargajiya. Na so in leƙa ƙauyukan Kaya da Damaga tunda aikina zai kai ni, direban ya ce ba da motarsa ba, sai ranar da aka ba mu rakiya.

A Maradun an kwatanta mana wata firamare da ake yabon malamanta. Rabin azuzuwanta 'yan gudun hijira ne a ciki. Na ga mace tana hura wuta a ƙarƙashin allo, bango ya yi baƙi da hayaƙi. Ɗalibai kuwa an tara su a sauran azuzuwan, wasu a gindin dalbejiya. Wata malama ta ba ni benci, na zauna ina kallon yadda take koya musu lissafi da ƙwallayen goruba. Wallahi ta iya aikinta. Har na fara tunanin ɗana zai ƙaru a hannunta.

Muna cikin haka sai muka ji rugugin babura daga gabas, masu yawa, suna tahowa da gudu. Ban ji wanda ya yi magana ba. Kawai na ga makarantar ta tashi. Yara suna fita ta tagogi, suna tattake juna, takalma da allunan rubutu ko'ina. Matan da ke cikin azuzuwa suka suri jarirai suka bar tukwane a wuta. Ni ina nan inda nake. Wata yarinya da ba ta wuce autata ba ta faɗi a gabana, bakinta ya daki dutse. Ta tashi, ba ta yi kuka ba, ta shige cikin hijabina ta ƙanƙame ni. Ina jin bugun zuciyarta a cinyata.

Ashe 'yan rakiyar amarya ne. Suka wuce suna ta busa hon.

Na wanke wa yarinyar baki, haƙorinta ɗaya ya karye. Har na gama ba ta yi kuka ba. Malamar ta ce an koya wa yaran a gida kada su yi kuka in ana gudu, don kada a ji inda suka ɓuya. Ta fara tsince takalma tana tarawa, ta ce yau karatu ya ƙare, watakila har gobe. Na tambaye ta me ya sa ba ta nemi canji ba.

Ta ce, “Malama, in na tahi, su wa? Kuma in tahi ina? Nan aka haihe ni.”

Maigidana ya shigo yana haki, ashe daga bakin titi ya rugo. Ya dube ni, ya dubi jinin da ke hijabina. A mota, da muka kusa Mafara, ya ce, “Ni zan zauna da yara a Sakkwato. Innata za ta taya ni. Ke ki kama ɗaki.” Muka nemi dillali a Mafara, na kama ɗaki ɗaya a gidan wata bazawara a tsakiyar gari.

Mun iso gida kafin magariba. Na tarar babbar ta riga ta haɗa littattafanta a kwali, ta yi sallama da ƙawayenta. Ta tare ni a zaure ta ce, “Umma, an samu?” Na ce an samu, amma ba irin wanda muka je nema ba. Ta gane. Autar kuwa sai tambaya take ko sabon gidan yana da lilo.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, zaɓen unguwa ma gata ne. Na ga malaman kirki a garuruwan nan uku, na ga iyayen da suke son karatun 'ya'yansu kamar yadda nake so. Abin da ya raba ni da su kawai, ni ina da inda zan bar nawa. Masu tambayata wace unguwa ta fi dacewa da mai iyali a can, ku yi haƙuri, ba ni da amsar da zan ba ku in kwana da kwanciyar hankali. Ku dai sa mutanen yankin a addu'a.

Ranar Litinin zan koma in fara aiki. Har yanzu ban san yadda zan faɗa wa autar cewa ba da ita za a tafi ba.